Waken da Bu Wartini ta tura sito

Ka taɓa shuka wake a cikin auduga? Idan ba ka taɓa ba, tsaya ka ji yadda kofi ashirin da shida na koren wake suka hana Bu Wartini sakat mako guda.

Bu Wartini malamar aji uku ce a firamaren ƙauyenmu, can gefen gonakin shinkafa a hanyar garin Klaten. A wajenmu Bu ake sa wa mace babba gaban suna don girmamawa, namiji kuma Pak. Rabin mutanen ƙauyen ta hannunta suka bi, har da mai gyara mata babur. Kowace safiya takan tsaya a bakin ƙofa, yara su kama hannunta su ɗora a goshi kafin su shiga. Dab da ƙarshen zango kuma, ranar Asabar da iyaye ke zuwa, aikin ajinta ake bajewa a teburin gaba. Ba doka ba ce, amma shekara tara ba wanda ya karɓe mata teburin nan.

Bana yara suka yi yawa, aka raba ajin biyu, aka kawo sabuwar malama mai suna Ningrum, yarinya mai yawan dariya, wadda Bu Wartini da kanta ta koya wa riƙe fensir. Hedimasta, Pak Darmo, ya ce kowane aji ya shuka wake ranar Litinin, wanda nasa ya fi kyau shi zai hau teburi.

Aka shuka. Dakali ɗaya ne a baranda da ranar safe ke samu sosai. Ranar Talata Bu Wartini ta iso ta tarar da kofunan Ningrum jere a kansa, ga kuma layin masu gaisuwa a gaban yarinyar ya fi nata da mutum bakwai. Ta ƙirga sau biyu.

"Dik Ningrum, ƙanwata, dakalin nan fa na ajina ne tun kina zuwa makaranta da majina a hanci."

"Ai na sani, Bu War. Ke kika riƙa share min ita."

"To a kwashe."

"In kai su ina?"

"Ga sito can. Ba kowa ciki sai tsintsiya da bokiti."

Ningrum ta rusuna ta kwashe. Bu Wartini ta jera nata, ranta fes. Shekara da shekaru tana rubuta wa yara a allo cewa shuka ba ta rayuwa sai da rana, amma ba ta taɓa sa wake a duhu ta gani ba.

Laraba nata suka fito, gajeru, kore shar. Alhamis kuwa da aka fita tara ta duba baranda, ba ko ɗalibi ɗaya nata. Duk suna bakin sito suna turereniya. Ta je ta leƙa ta saman kawunansu. Waken Ningrum ya miƙe zalo-zalo, fari sol, ya ninka nata biyu har da ɗori. Shinkafar da ta ƙunso a ganyen ayaba haka ta koma da ita gida.

"Wane taki kike zuba musu?" ta tambayi Ningrum washegari.

"Ruwan famfo, Bu, irin naki."

"Kin dai yi musu waƙa, tunda ke komai waƙa ne."

"Wallahi ko tari ban yi musu ba."

Pak Darmo ya zo da rula. Ya auna na baranda, ya auna na sito, ya gyara hula, ya ce tebur na ajin Ningrum ne. Bu Wartini ta shiga goge allon da ba rubutu a kansa.

"Pak," in ji Ningrum, "dogayen kaɗai ba darasi ba ne. Sai an ajiye na rana kusa da na duhu. Kuma Bu War ce ta ce a kai su sito."

"Ashe dabararki ce, Bu?" in ji Pak Darmo.

Bu Wartini ta ci gaba da goge allonta.

Ranar Asabar aka raba teburin biyu. Iyaye suka yi dafifi a gefen dogayen suna ɗaukar hoto. Uwa huɗu kacal suka tsaya a gefenta, ɗaya ma banɗaki take tambaya.

Litinin dogayen duk suka kwanta, kara ya kasa ɗaukar kai. Nata na tsaye da ganye faffaɗa. Ta ɗauki kofi ɗaya daga kowane, ta zaga da su aji-aji, har ofishin Pak Darmo da wurin mai sayar da soyayyar ayaba. Layin safe dai har yau na Ningrum ya fi tsawo, kuma har yau Bu Wartini tana ƙirgawa.

In kana son gani da idonka, nemi kofi biyu, auduga jiƙaƙƙiya, wake biyar-biyar. Ajiye ɗaya a taga, ɗaya a cikin kabad, ka riƙa yayyafa ruwa kullum. Gwada makon nan, amma kada ka yanke hukunci ranar Juma'a, jira Litinin.