Ranar da Na Sa Almakashi a Kitsona

Shekarun da muka yi a Riyad, maigida yana aikin injiniya, ni kuma zaman gida ya ishe ni, sai na koma sana'ar kakata. Falonmu na unguwar Al-Nasiriya ya zama wurin kitso. Matan likitoci da 'yan Maraɗi masu aikatau, idan sun samu hutun Juma'a, duk a darduma ɗaya suke zama tsakanin ƙafafuna. Ina da faɗa, kowa ya sani. Mai motsa kai tana shan ranƙwashi ko da ta girme ni. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba: sa almakashi a kan 'ya mace. A gidanmu ba a yi, ni ma ban ga dalilin farawa ba.

A benen sama akwai wata nas 'yar Zariya, da 'yarta mai shekara tara. A Riyad aka haifi yarinyar. Hausarta sai ka yi haƙuri da ita, Larabci kuwa kamar an buɗe famfo. Gashinta har gadon baya, baƙi wuluk, irin wanda mai kitso ke gani hannunta ya fara ƙaiƙayi.

Wata ranar Talata uwar ta kira ni a waya, muryarta a dishe. An gano cutar daji a jinin yarinyar.

"Jibi za a fara ba ta magani, Yaya. Na san maganin, ni nake ɗaura wa 'ya'yan mutane shi. Gashin nan duk zai zube. Na kasa gaya mata. Ki yi mata kitso mai kyau, don Allah kada ki nuna mata komai."

Da la'asar ta kawo ta, ta ce za ta leƙa kantin magani ta dawo. Na san ba magani za ta saya ba, wurin yin kuka take nema.

Yarinyar ta zauna, ta ɗora wani littafin zane a cinya, irin wanda hotuna ke ba da labari, maganar mutane a cikin 'yan da'irori. Bangon duk ya lanƙwashe don yawan buɗewa. Ta ɗaga mini shi sama.

"Khala, irin wannan nake so." Haka take kirana, wato inna da Larabci.

Wata jibgegiyar mace ce tsaye a kan dusar ƙanƙara, da hular ƙarfe da gatari, ga kalaba biyu masu kauri har gwiwa.

Na ce, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce, ko mayafi babu?"

Ta yi dariya. Ta ce matar ba ta cikin jaruman da ake yi wa fim, ko a ajinsu babu wanda ya san ta. A kwandon rahusa na wani kantin littattafai ta tsinto ta. Daga tatsuniyoyin mutanen can ƙarshen arewacin duniya aka ciro ta, inda rana kan ɓace tsawon watanni.

Na tsaga kan biyu da kibiya, na shafa mai, na fara. Ita kuma tana buɗe shafi tana ba ni labari, rabi Hausa rabi Larabci. Wai akwai wani kyarkeci da ya kai dutse girma, yana bin rana zai haɗiye ta. Maƙera suka ƙera sarƙa, ya tsinke ta. Suka ƙera wadda ta fi ta, ya tsinke. Sai jarumar ta zauna, ta zaro wuƙarta, ta yanke kalabarta biyu da hannunta, ta ɗaure masa baki da su.

Da ta juya shafin, ban san lokacin da hannuna ya tsaya ba. Hoto ɗaya ne ya cika shafin duka. Matar tana tsaye a kan tudu, ta cire hular, kanta a aske, rana tana fitowa a bayanta, ƙanƙarar duk ta koma ja. Na sha ganin mace babu gashi, a asibiti da gidan makoki, kullum da tausayi ake kallonta. Wannan kuwa wanda ya zana ta bai ji tausayinta ko kaɗan ba. Kwarjini ya ba ta, har na ji tsigar jikina ta tashi.

Na ƙarasa kalabar ta biyu. Wallahi ban taɓa yin kitso mai kyau irinsa ba.

"Khala, ki ɗaure da zare a nan sama, da nan ƙasa."

"Na sama kuma na mene ne?"

"Don kada ya warware in kin yanke."

Na ce, "Yanke me? Ke, ba a yi mini wannan wasan."

Ta juyo ta dube ni, abin da ba a yi a tsakanin ƙafafuna, amma ban ranƙwashe ta ba.

"Na sani, Khala. Na ga yaran da ke mustashfa, asibitin Mama, duk suna sanye da hula. Mama tana tsammani ban sani ba, ni ma sai na yi shiru don kada ta yi kuka. Ba na so ya zube a kan filo. Ni nake so in ba da shi."

Na kai shekara arba'in a lokacin, na binne uwa da uba, amma ban taɓa jin na zama ƙarama a gaban mutum kamar yadda na ji a gaban yarinyar nan ba. Na ce mata ba zan taɓa kitson ba sai uwarta ta dawo.

Da uwar ta shigo, idanunta jajur, ta fara yabon kitson da muryar ƙarfin hali. Yarinyar ta tashi ta kama hannunta, ta maimaita mata abin da ta gaya mini, a hankali, da Larabci, don a nan kalmominta suka fi yawa. Uwar ta sulale ta zauna a hannun kujera. Can ta dube ni.

"Yaya, yi mata."

Almakashin ɗinki na ɗauko, don ba ni da wani. Na yi bisimilla. Kalabar ta yi kauri, sai da na yi ta ciza ta kaɗan-kaɗan, ƙarar tana shiga mini har haƙori. Ta farko ta faɗo a hannuna da ɗuminta. Ina yanka ta biyu ina hawaye, uwar ma haka. Yarinyar ce kaɗai idonta a bushe, ta miƙe wuya, ko motsi ba ta yi ba.

Ta karɓe su, ta je gaban madubi, ta shafa ƙeyarta, ta juya hagu ta juya dama. Sannan ta dawo ta tsaya a gaban uwarta.

"Khalas, shi ke nan, Mama. Yanzu ba sai kin gaya mini ba."