Kawu da Kukan Tsirkiya

Jiya na kai ɗana wani shago a Sakkwato ya zaɓi raket ɗin tanis. Ban ankara ba sai ga ni na buga tsirkiyar a tafin hannuna na kara a kunne. Haka Kawuna yake yi.

Tsohon malamin wasanni ne a Wurno, amma lokacin da na fara tanis a sakandare idanunsa sun riga sun rufe. Ana gab da gasa, makaranta ta ara mini raket biyu in gwada a hutu. Na zaɓi mai nauyin, mai tsirkiya tamau, ina ta dukan ƙwallo a bangon zaure. Wuyan hannuna yana zugi, na yi shiru don kada a cire ni daga gasar.

Kawu yana zaune a kan tabarma, warin albasar da aka shanya ya cika gidan. Sai ya ce, "Ɗiyata, mi yas samu hannunki?"

"Ba komi, Kawu."

"Ba haka ƙwallon ga ta hwaɗa min ba. Kawo raket ɗin duka biyu."

Ya buga kowanne a tafinsa, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa.

"Wanga kukanai ya yi tsini, ƙashinki shika ci. Ɗauki marar nauyin, a sassauta mashi tsirkiya."

Na yi yadda ya ce. Bai taɓa ganina riƙe da raket ba. Kafin gasar zugin ya tafi, na buga har wasan ƙarshe.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, ya ji ƙanka fiye da yadda ka ji namu.