Ranar da Sandar Kiwo Ta Shiga Darasina

Har yau ban manta da ranar Litinin ɗin da Malam Sambo ya taso daga rugarsu a wajen Udubo don ya cire ɗansa daga makarantarmu ba. A lokacin ni ne malamin motsa jiki, ina mataki na takwas, kuma ni ne malamin ajin yaron, aji biyu na babbar sakandare, a wata makaranta cikin Azare. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan nake ba wa labarin, domin laifin da ke ciki nawa ne.

A jadawali, kowane aji yana da darasin motsa jiki sau biyu a mako. Ƙa'ida ita ce malami ya fitar da ɗalibai fili, in an gama ya sa hannu a littafin darussa. To, tun da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta, sai malamai suka riƙa zuwa aron lokacina. Ni kuwa daɗi ya kama ni. In ba su, in sa hannu kamar na yi darasi, in koma gindin maina da wayata. Kusan zango biyu yaran nan ba su taka fili ba. Daga benci sai ɗakin kwamfuta, in sun koma gida kuma waya, kai a sunkuye.

Ɗan Malam Sambo sunansa Hammadu, shekararsa sha shida. Yana zaune wurin kawunsa a cikin gari, kawun ya ba shi waya don gwada tambayoyin jarrabawa. Sau biyu ya same ni ya ce wuyansa da bayansa suna ciwo. Na ce, "Kai da ba ka noma, ba ka dako, me zai sa maka ciwon baya? Lalaci ne." Ko kaina ban ɗaga ba. Uban ne ya gane da yaron ya je gida: in zai yi sallama a salla, sai ya juya da jikinsa gaba ɗaya.

Ba a ba da takardar barin makaranta sai malamin aji ya sa hannu, shi ya sa aka kira ni ofishin shugaban makaranta. Na tarar da dattijon a tsaye, ya ƙi kujera.

Ya ce, "Na kawo muku yaro a miƙe kamar kara. Yana bin shanu tun hantsi har la'asar, bai taɓa cewa wash ba. Yanzu ya riga ni tsufa. Ku ba ni abina."

Shugaba ya jawo littafin darussa ya buɗe. "Malam Sambo, ga shi a rubuce, sau biyu a mako suna motsa jiki. Ko ba haka ba, Malam Isa?"

Da na ce e, da maganar ta wuce, yaro ya bi ubansa. Amma na ce, "Yallaɓai, sa hannun nawa ne, darasin kuwa ba a yi ba."

Shugaba ya rufe littafin a hankali. A ranar na karɓi takardar tuhuma, wadda ake sa wa ma'aikaci a fayil ta riƙa binsa duk inda ya je. Na roƙi Malam Sambo ya ba ni zango ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Tunda ka faɗi gaskiya, na ba ka. Ɗaya fa."

Washegari muka kai Hammadu asibiti, sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar da ta duba shi, Madam Rifkatu, ta ce babu karaya babu targaɗe, yawan zama ne da sunkuyo. Ta ce ya rage waya, in zai duba ya ɗaga ta daidai ido, ya riƙa tashi yana tafiya yana buɗe kafaɗu. Tana cikin bayani sai ta hango Malam Sambo a bakin ƙofa, ya gicciye sandarsa a kafaɗa ya rataye hannuwa a kanta, irin tsayuwar makiyaya.

Ta ce, "Baba, tsaya a haka! Malam, ka ga abin da nake faɗa."

Ya ce, "'Yata, ni fa hutawa nake yi."

Ƙwallayenmu biyu ne, duk sun sace, ba iska. Sai na ce kowane ɗalibi ya zo da sanda. Madam Rifkatu ta nuna mini yadda za su juya a hankali, ba da fizga ba. Sanda a kafaɗa, mu zaga fili da sassarfa, sannan miƙa. Ranar farko tsiya kawai na sha wurin ɗalibai: "Malam, yau wace fadama za mu kai shanun?" Hammadu, wanda a da yake jin kunyar a ce masa ɗan ruga, shi na sa a gaba, don babu wanda ya iya riƙon kamarsa. Malamin kwamfuta ya sake zuwa aro. "Malam Isa, minti arba'in kacal." Na ce ko biyar. Wayata kuwa a durowa take zama har a tashi.

Ƙarshen zango Malam Sambo ya dawo, ya same mu a fili. Bai gaisa da kowa ba, ya tsaya ta bayan ɗansa ya ce, "Hammadu!" Yaron ya waiwayo, da wuya kaɗai. Dattijon ya dubi ajin nan gaba ɗaya, maza da mata, kowa da sanda a kafaɗa, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Malam, shanu kawai suka rage muku."

Shugaba ya tambaye shi, "Takardar barin makarantar fa?"

Ya ce, "Ku ba mai ƙosai ta ƙunsa."

Hammadu ya gama makaranta a hannunmu. Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina, ban taɓa neman a cire ta ba. Ita ta koya mini cewa darasin da ba a jarrabawa a kansa shi ake fara bayarwa aro, kuma jikin yara ne yake ji. Iyaye da yawa ba za su iya karanta littafinmu ba, amma sun san yadda ɗansu yake tsayuwa. In kun ga sanduna jingine a bayan ofishina, kada wani ya kwashe su ya kai kicin. Kayan aiki ne.