Kwale-kwalen da Baba Garba Zai Iya Ja

Ku sababbin shagon nan, akwai wata Talata a farkon daminar bara da ba zan manta da ita ba ko haƙorana duk sun zube. Lokacin wata takwas ke nan da zuwana wajen Oga Isiyaku a Dei-Dei. Yawancin aikinmu tagogi ne da tankuna, kwale-kwale sai jefi-jefi. Oga ke zane, Yakubu ke walda, ni Nura ke awo da yanka. Surutu kuwa ni na ba kaina wannan muƙamin.

Da hantsi wani ma'aikacin gwamnati, Malam Sadiq, ya shigo da mahaifinsa, Baba Garba, masunci a bakin kogin Gurara. Jirginsa na katako ya ruɓe. 'Ya'yansa sun so ya bar ruwa ya dawo wurinsu a Nyanya ya huta, ya ce sai dai gawarsa. A ƙarshe suka shirya a kan za a yi masa sabo na alminiyam, amma in ya kasa sarrafa shi shi kaɗai, to ya tattaro kayansa ya taho gari.

Malam Sadiq ya ce fallen alminiyam mafi kauri yake so, shi dai kada mahaifinsa ya nutse. Kafin Oga ya buɗe baki na riga na jawo mai milimita biyar. Na rantse masa ko dorina ta ciji wannan sai an kai ta wurin likitan haƙori.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. Falle in ya cika siranta, dutse na loɓa shi, walda kuma na lanƙwasa shi. In ya cika kauri, nauyi ne. Shi ya sa Oga ke da doka: kafin a yanka, a jera fallayen da za su shiga jirgin, wanda zai riƙa jan sa gaɓa kullum ya ɗaga gefe ɗaya.

Muka jera uku na mai milimita biyar ɗin. Baba ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya sunkuya. Da ƙyar suka bar ƙasa. Ya sauke, ya ce takalminsa ne ke santsi, ya ƙi ɗaga ido ya dubi ɗansa. Ni na jawo wannan falle da bakina, kuma in Malam Sadiq ya fahimci abin da ya faru, Baba ya gama da kogi.

Sai na ce, "Baba, matsa ka ga aikin samari."

Ni fa ina iya ɗaga su. Amma na kama, na yi nishin da na tabbata an ji har kasuwar shanu, na zare ido, na yi baya na zube kan wani kwali ƙafafu sama ina kiran mahaifiyata da ke Kano. Yakubu ya gano ni. Ya zo ya taɓa fallayen, ya riƙe ƙugu ya ce shi yana da iyali. Malam Sadiq ya yi dariya har da hawaye, yana tambaya ko tirela za a saya wa jirgin.

Oga bai yi dariya ba. Ya jawo wa Baba benci, ya shiga tambayarsa: da inji ko da tuƙin hannu, mutum nawa ke shiga, gaɓar yashi ce ko dutse. Baba ya ce hannu ne, shi kaɗai ne da komarsa, gaɓar kuma yashi da 'yan duwatsu. Oga ya yanke: ƙasan jirgi milimita uku, gefuna biyu, haƙarƙari kusa da kusa, sannan a ƙara dogon yanki a ƙarƙashi inda yake gogar ƙasa.

Malam Sadiq ya ce a hankali, "Oga, ba zai huje da shi a tsakiyar ruwa ba?"

Oga ya ce, "Yallaɓai, da ubana ne, wannan zan yi masa. Mai nauyin nan in ruwa ya taso ba zai iya fitar da shi ba, kuma ka san ba zai tafi ya bar shi ba."

Muka jera sababbin. Baba ya ɗaga su har gwiwa, ya tsaya a haka ya fi yadda ake buƙata, yana kallon ɗansa.

Da za su tafi Baba ya kama kunnena, ba da zafi ba. Ya ce, "Ja'iri. Na tsufa ina ganin mutane na faɗuwa, ban taɓa ganin wanda ya duba inda kwali yake kafin ya faɗi ba sai kai. Allah ya yi maka albarka."

Mako uku muka gama jirgin. Har yanzu Baba na kan ruwa, ɗansa ya gaji ya bar zancen Nyanya.

Saboda haka in aka kawo muku aikin jirgi, kada ku yi irin azarɓaɓina. Ku auna falle, ku tambayi ruwan, ku dubi hannun da zai ja. In kuma dattijo zai ji kunya a gaban ɗansa a cikin shagon nan, gara ɗayanku ya faɗi. Ku dai nemi inda kwali yake tukuna.