Tsarabar Fara daga Hamada

Lurwanu na Nakkasa mutum ne da bai iya cewa a'a ba, balle in matarsa Saudatu ce ta roƙa. A Makka aka haife shi, a unguwar Nakkasa. Ubansa Bakatsine ne da ya zo Hajji a ƙafa, ya ga wuri ya zauna. Tun yana saurayi Lurwanu ke jan motar alhazai, in Hajji ya wuce kuma sai zaman kashe wando. Shi ya sa ranar da masu yaƙi da fara suka ce za su kai shi hamada ya koyi aikin ƙaramin jirgin feshi, sai da ya bi unguwa gida-gida yana ba da labari, har wa waɗanda ba su tambaye shi ba.

Saudatu kuwa cikin fari gare ta, kwaɗayi ya sa ta gaba. Ba nama take so ba, ba tuffa ba, soyayyar fara da yaji kawai. Ga farar tana faɗowa har tsakar gida, amma wa ya isa ya taɓa? Cikin iyakar Harami ba a farauta.

"Tunda wurinta za ka, ka taho mini da ita," in ji Saudatu. "Mai rai fa, in tabbata ba ta sha magani ba."

"Abshiri, sha kuruminki, an gama!" in ji shi, ko tunani bai yi ba.

A can hamada aka haɗa shi da Kyaftin Hashimu, wani Basudane mai gajen haƙuri. Ya koya masa duba iska da sauka a kan rairayi, kuma wallahi Lurwanu yana da hannu. Saura tashin gwaji na ƙarshe a ɗauke shi aiki. Da asubar ranar, sanyi ya kama fara ta lafe a kan ƙaya, gogan naka ya cika buhu, ya ɗaure bakinsa sama-sama, ya cusa bayan kujera.

To, rana ta ɗago suna sama, jirgi ya ɗau zafi, baƙi suka farka. Kafin ka ce kwabo buhu ya buɗe. Fara a fuska, fara a wuyan riga, fara a gilashi! Kyaftin yana salati yana zagi, duk a numfashi ɗaya. Allah ne kaɗai ya sauke su lafiya.

"Khalas!" in ji Kyaftin. "Koma wa motarka, ya shekh."

Haka Lurwanu ya hau tudun Nakkasa da yamma, ba aiki, leɓe duk ya tsage, rungume da gwangwanin madara da ya huda wa ƙofofi. Ragowar farar da ya tsinto ke nan. Aikin ya tafi, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ko ba komai Saudatu za ta ci.

A ƙofar gida ya tarar da surukinsa, Malam Wada, a kan tabarma. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya kasa kunne.

"Me ke motsi a gwangwanin nan?"

"Fara ce, Baba. Daga waje na kamo ta, can nesa."

"Da ranta ta shigo Harami?"

"Da ranta, Baba."

"To ai ta sami mafaka. A gidan nan dai ba mai soya ta. Sake ta."

Lurwanu ya buɗe baki, ya tuna da wa yake magana, ya rufe. Saudatu na tsaye bakin ƙofa, har ta ɗora kasko, har mai ya fara ƙamshi. Ita ta karɓi gwangwanin ta cire murfin da hannunta. Farar ta yi dirr, ta bi ta saman rufin maƙwabta.

Lurwanu ya zata kuka za ta yi, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Aikin fa?" ta tambaya a hankali.

"Sun kore ni. A cikin jirgi buhun ya kwance."

Ta dube shi, ta dubi kaskon, sai dariya ta kece mata har tana riƙe ciki.

"Saboda ni ka kusa faɗowa daga sama? Shigo, maigida. Man ya riga ya yi zafi, bari in fasa maka ƙwai."