Tsohuwar da Ta Ɓata wa Mushe Emmanuel Wasa

Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin mishan da ke yankin Madawa ya san muryar Mushe Emmanuel, ko da bai riƙe fuskarsa ba. Shi ne mai tsayawa bakin ƙofar likita yana kiran sunayen marasa lafiya, da murya kamar ta mai shela a kasuwa. Bai taɓa koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ba. An laƙaba masa Mushe, sunan da ake kiran malamin makaranta da shi, don ba a gaishe shi a wuce ba tare da an sha darasi ba.

Mahaifinsa magini ne daga Karofane, ya zo aikin gini a asibitin, ya karɓi bishara, ya zauna. Emmanuel ya yi lise, wato babbar sakandare, ya zauna jarrabawar fita da ake kira bak ta ƙi shi, ya koma ta sake ƙin shi. Abin da ya tsira da shi daga makarantar shi ne son tsofaffin wasannin kwaikwayo na Turawa, irin waɗanda ake farawa da mutum lafiya lau, a ƙare ya rasa kowa da komai, ya ɗaga kai sama yana tambaya, sama ta yi gum. Emmanuel ya ce babu wa'azin da ya kai waɗannan. A cewarsa, marubutan nan sun haƙa rijiya daidai, sai dai sun gaji kafin su kai ruwa. Aikin Kirista shi ne ya nuna wa mutane zurfin ramin, su tsorata, sannan ya miƙa musu igiya. Ya faɗi wannan magana a majami'a, ya faɗe ta a lambun albasa, ya faɗe ta ga mutanen da ciwon haƙori ya kawo.

Da yake shi ke shirya tiyatir, wato wasan kwaikwayo, na majami'a, duk shekara sai ya roƙi dattawa su bar shi ya yi irin wancan wasa, duk shekara su ce a'a. Sun fi son makiyaya masu gemun auduga da Shaiɗan mai baƙin tukunya a fuska, wanda ake kora da sanda yara na ihu.

Matarsa Godiya ce kaɗai ke iya katse shi. Takan ce, “Kai da ba ka taɓa kwana da yunwa ba, mi ka sani ga yanke ƙauna? Taho ka ci tuwo.” Shi kuwa sai ya zo ya ci.

A ƙarshen wata damina zazzaɓi ya kama Godiya. Yana bakin aiki aka kawo ta, shi da kansa ya kira sunanta a ƙofa. Ba ta fito da ƙafarta ba.

Majami'a ta yi abin da ta iya. Aka buga ganga, zumuntar mata ta yi waƙa, Fasto Ɗanlami ya tuna wa kowa cewa mai bi ba ya yanke ƙauna. Emmanuel ya tsaya ƙyam bai zubar da hawaye ba, aka yi ta nuna shi ga matasa ana cewa ga bangaskiya. Daga ranar ya shiga uku, domin wanda aka yi misali da shi ba shi da damar karyewa. In an ce ya haƙuri, ya ce da godiya, ga sunan matarsa a bakinsa, ga murmushi dole. A gida kuwa ya daina addu'a. Yakan durƙusa ya buɗe baki, ya ji kamar yana kiran suna a ƙofa babu mai amsawa. Ba wanda zai iya gaya wa haka. Dikon ne, ɗaya daga cikin shugabannin majami'a.

Da Faska, bikin tashin Almasihu, ta matso ya sake kawo roƙonsa, wannan karon dattawa suka tausaya masa suka yarda, bisa sharaɗi. Zai fito a matsayin manomin da ba shi da Almasihu, wanda gero ya ƙone masa, matarsa ta mutu, ya zauna yana tuhumar sama. Da ya kai ƙarshe, Fasto zai miƙe ya bayyana wa jama'a ma'ana, sai Matta, shugabar mawaƙa, ta tayar da waƙar murna. Emmanuel ya amince. Ya ga ta nan ne kawai zai faɗi abin da ke cin sa a gaban mutane, a tafa masa maimakon a kira shi zaman dattawa.

Aka yi wasan bayan la'asar a filin asibitin, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Ƴan majami'a suka cika bencina. Masu jinya daga ƙauyuka, galibinsu musulmi, suka zauna a ƙasa ta gefe. Cikinsu akwai Kaltume, wata tsohuwa daga Garhanga da ke jinyar mijinta, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin tiyatir ba.

Emmanuel ya zauna kan tabarma a tsakiyar fili, ya fara. Ya ce ya shuka bai girba ba. Ya ce ya bizne matarsa, ƙoshiyarta na nan inda ta jingine ta, ya kasa kawar da ita. Ya ce ya kira, ya kira, ba a amsa ba, in akwai mai ji to ya ji ya yi shiru. Ƴan benci suna gyaɗa kai cike da jin daɗi, wani malamin jinya ya raɗa wa na kusa da shi cewa haka rayuwar marar bi take, babu ma'ana. Fasto Ɗanlami ya gyara wuyan riga yana jiran lokacinsa.

Sai Kaltume ta miƙe. A garinsu ba a barin mai makoki ya zauna shi kaɗai mutane na kallo, ita kuwa ta ga taro guda sun zuba wa bawan Allah ido ba mai motsi. Ta ratsa fili, ta cire takalmanta a bakin tabarmar, ta zauna kusa da shi.

Aka fashe da dariya. Matta ta yi ta yafito ta tana cewa, “Inna, wasa na, ki taho ki zamna.”

Kaltume ko waiwaye ba ta yi ba. Ta dubi Emmanuel ta ce, “Ɗana, yaushe tar rasu?”

A wasan ba a sa lokaci ba. Ya ce, “Ƙarshen damana, Inna.”

“Mi sunanta?”

Matar wasan ba ta da suna. Ya dubi bencina, ya dubi tsohuwar. Ya ce, “Godiya.”

“Allah shi jiƙan Godiya. Kuma babu wanda yaz zamna da kai?” Ta gyara zama. “To yi kukanka. Ba ni gaugawa, maigidana na kwance, ba shi zuwa ko'ina.”

Mai shelar asibiti ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin na yara, har da shessheƙa. Dariyar ta mutu daga benci zuwa benci. Fasto ya miƙe da ma'anarsa a shirye, ya tsaya, ya ga ba wurin saka ta, ya koma ya zauna. Can daga baya wani da ya zo a makare ya soma tafi, yana cewa bana kam Mushe ya iya.

Da kwamitin majami'a ya zauna, aka yarda cewa wasan ya taɓa zukata. Aka yanke shawara baɗi a maimaita shi har da wurin tsohuwar, Matta za ta fito a matsayinta, a kuma ja igiya gaban fili don kada ƴan ƙauye su sake shiga.

Emmanuel ya ce su nemi wani. Yana nan bakin ƙofa yana kiran sunaye, ya rage darasi. Ya koma addu'a, ko da yake gajera ce, kuma yawancinta ƙara ce yake kaiwa. In aka tambaye shi maganar rijiya da igiya, sai ya ce shi dai da ya faɗa ciki, masu igiyar suna kan benci, wadda ta zo ba ta kawo komai ba, takalmi kawai ta cire.