Gaisuwar da Na Yi Ta Kaiwa Bonanjo

A shekarun matsin tattalin arziki da muke kira la crise, babu abin da ya yi arha a unguwarmu ta New Bell, a birnin Douala, kamar shawara. Shinkafa ta yi tsada, kananzir ya yi tsada, albashi sai an ga dama, amma da ka fito ƙofar gida da takardar makaranta a hammata, kafin ka kai bakin kwalta an tare ka an gaya maka yadda ake zama wani abu a duniya. Masu gaya makan kuwa duk zaman kashe wando suke yi.

Ni a lokacin na gama sakandare da takardar shaidar da ake kira bac, ina ji da kaina, ko ƙosai zan saya sai na jefa Faransanci. Babanmu kuma an sallame shi daga aikin awon kaya a tashar jiragen ruwa, cikin rage ma'aikatan da suke ce wa compression. Ya dawo gida ya zauna a baranda da rediyonsa, ya rage magana, ya rage cin abinci don ƙannena su ƙoshi. Ba wanda ya ce da ni komai, amma na san idon gidan gaba ɗaya a kaina yake, kuma abin yana ci mini rai.

Sai wani maƙwabcinmu ya raɗa mana cewa akawun wani kamfanin fitar da katako a Bonanjo, unguwar ofisoshi, ya yi ritaya, ba a kai ga sanarwa ba. Na goge takalmi, na aro kwat, na tattara takarduna. Ina cikin shirin nan Baffa ya shigo.

Baffa yayan babana ne, goro yake sayarwa a kasuwa. Bai taɓa shiga ofis ba, amma ya yi imani duk wani babban mutum a duniya iri ɗaya ne, kuma shi ya san makamarsu, tunda da gaisuwa kawai ya samu rumfarsa a wurin shugaban 'yan goro. Ya dubi kwat ɗin, ya dube ni, ya yi tsaki.

"Boko ya gama da ku," in ji shi. "Wato haka za ka faɗa wa babban mutum kamar ɗan sanda, ka ce masa kana son aiki? Wannan ai fitsara ce. Babba gaishe shi ake yi. Ka je yau, ka je gobe, ka je jibi, kada ka nemi komai. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka durƙusa, kada ka kalli idonsa. In ya ce me ya kawo ka, ka ce gaisuwa ce kawai. Da kansa zai ji nauyinka ya kira ka."

"To takardun fa, Baffa?"

"Bar su a gida, mai takarda a hannu maroƙi ne. Cire wannan rigar ta arna, ka sa farar taguwa. In za ka fito ka karanta addu'a a hankali, ka tofa dama da hagu."

Na dubi Baba ko zai ce wani abu. Ya murɗa rediyonsa kawai, don bai taɓa musa wa yayansa magana a gaban yara ba.

Damina ce, ta Douala, wadda ba ta san gajiya ba. Kullum da safe sai in sa takalmina a leda, in naɗe wando, in keta ruwan unguwa, in taka da ƙafa har Bonanjo saboda kuɗin taksi ya fi ƙarfina. A wani famfo kusa da ofishin nake wanke ƙafa in sa takalmin, in yi taku kaɗan, in sake cire shi a ƙofar shugaban kamfanin.

Ranar farko planton, mai tsaron ƙofa, ya ga farar taguwa ya ɗauka ɗan wani alhaji ne ya zo cinikin katako, ya shigar da ni har yana sara mini. Shugaban, wanda suke ce wa patron, wani gajeren mutum ne mai tumbi, ɗan kudu, da tabarau a kan hanci. Na zube a kan kafet, idona a ƙasa.

"Bonjour, patron."

"Oui?"

"Na zo gaishe ka ne."

Ya jira. Ni ma na jira. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani.

"C'est tout? Shi ke nan?"

"C'est tout, patron."

Na motsa leɓe da addu'ata, na tofa dama, na tofa hagu, na fita da baya da baya. Da na ba Baffa labari ya ce madalla, wannan shirun da ya yi alamar abin ya shige shi ne.

Abin ya shige shi kam. Bayan 'yan kwanaki na lura in na shiga sai ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin tebur. Can sai aka fara ce mini ba ya nan, alhali ga motarsa. Baffa ya ce gwada haƙurina yake yi, in tare shi a wajen motar. Na koma durƙusawa a gefen taya, cikin yayyafi. Ya koma shiga ta ƙofar baya, ni kuma da ƙwazona na gano ƙofar bayan. Wata safiya na tarar an barbaɗa gishiri a bakin ƙofar ofis, layi guda, ga wani ruwa an yayyafa. Na tsallake da kyau don kada in ɓata musu aiki. Ɗan gicciyen da ke wuyan patron kuma ya ɓace, wani babba na katako ya maye gurbinsa.

Duk wannan Baffa yana da fassararsa. Gishiri albarka ne. Ƙofar baya kunya ce, mutumin ya fara jin nauyina. "Ya nuna, saura a tsinka," in ji shi, ya zaɓo farin goro ɗaya ƙato, ya naɗe a ganye, ya ɗaure da jan zare. Ya ce in ajiye masa a kan tebur, kada in ce uffan.

Na faki idon planton na ajiye. Ina juyowa na ji ƙara kamar an taka akuya. Planton ya shigo da gudu, ya kwashe goron da tsintsiya da kwali, ya miƙe hannu can nesa da jikinsa, da ɗaya hannun kuma ya damƙe mini taguwa.

Patron ya manne da bango, gumi ya jiƙa masa riga.

"Wa ya turo ka, malam?" in ji shi. "Mataimakina ne, ko? Kujerata yake so, na sani! Tun da ka fara zuwa ban yi barcin kirki ba. Ƙafata ta kumbura. Matata tana ƙauye tana nemo mini magani. Me na yi maka?"

A karo na farko na ɗaga kai na kalli idonsa. Na ce, "Patron, ni ba malami ba ne. Aikin akawu nake nema. Ina da bac."

Ya zame ya zauna. Ya cire tabarau, ya fara dariya, ya yi ta yi har da hawaye, planton ma ya kama, goron yana rawa a kan kwali. Sai dariyar ta tsaya masa cak.

"Kana da bac, kana da baki, ka zo ka yi ta tofa mini miyau a kafet? Kujerar nan babu kowa a kanta duk tsawon zuwanka. Ranar Juma'ar nan wani yaro ya shigo a jiƙe, ya ce ya iya buga keken rubutu, in gwada shi. Na gwada shi, na ɗauke shi."

Ya buɗe ƙofar gefe ya nuna mini. Ɗan ajinmu ne, wanda ya shekara yana leƙen lissafina. Ya ɗago mini hannu da fara'arsa.

Ban ma tuna na sa takalmi ba sai da na yi nisa. Yau in samari suka zo mini neman shawara, abin da nake da shi kaɗan ne: ka yi gaisuwa, gaisuwa tarbiyya ce, amma kafin a ce ka zauna ka faɗi abin da ya kawo ka. Kuma ka duba mai ba ka shawara, ko ya taɓa shiga ɗakin da yake tura ka.

Da na isa gida Baffa yana baranda tare da Baba. Na zayyana musu komai, raina a ɓace, ina jiran ya ji kunya. Ya gyara hula ya ce, "Ka yi gaggawa ne. Da ka ƙara wata guda, da don tsoro ma ya ba ka kujerar mataimakin." Ya tashi ya tafi masallaci abinsa.

Baba ya kashe rediyo. Ya ce, "Ni ma shi ya koya mini. Tun kafin a haife ka nake gaida shugabana kowace safiya, ban taɓa neman komai a wurinsa ba. Da maganar compression ta taso, abokan aikina suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi yawan 'ya'yansa. Ni ma na shiga. Ya ce me ya kawo ni, na ce gaisuwa ce."

Ya miƙo mini takarduna, ashe suna ƙarƙashin tabarmarsa a cikin leda.

"Gobe ka koma Bonanjo," in ji shi. "Duk ƙofar da ka gani ka shiga da takalminka. Ka ce musu ubanka yana gida a zaune."